Dashen na'urar ji a kunne biyu: ƙwaƙwalwa ce ta gaza ko na'ura?

Injiniya Bashir:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai binciken da nake so mu tattauna, tunda muna da masu aikin ji a cikinmu. A 2021 mujallar eLife ta buga aikin Nicole Rosskothen-Kuhl ta Jami'ar Freiburg a Jamus tare da Jan Schnupp, wanda a lokacin yake koyarwa a Hong Kong. Sun kurmantar da 'ya'yan ɓeraye tun suna jarirai da allurar kanamaisin, wani magani da ke lalata ƙwayoyin ji na cikin kunne, suka bar su suka girma a kurame, sannan suka dasa musu na'urar ji a kunnuwa biyu, wato wayar da ake sakawa can cikin kunne ta riƙa ba jijiyar ji bugun lantarki a madadin sauti. Amma ba irin haɗin da ake yi wa mutane suka yi ba. Wayar dama da ta hagu duk kwamfuta ɗaya ce ke aika musu bugun lantarki, da agogo ɗaya. Bayan an horar da ɓerayen, sai ga shi suna gane kunnen da bugu ya fara isa ko da tazarar ba ta wuce kusan maikirosakan 50 ba, daidai da ɓerayen da ke ji lafiya lau. Shekara da shekaru ana cewa wanda ya tashi kurma ya rasa wannan baiwar ke nan, wai ƙwaƙwalwarsa ba ta koya da wuri ba. Ni kam na fara ganin ba ƙwaƙwalwar ce ta gaza ba, na'urorin da muke ƙerawa ne ba sa kai mata saƙon.

Baba Audu:
Wa alaikumus salam. Injiniya, ka yi mana a hankali. Mene ne maikirosakan, kuma me ya haɗa tazarar lokaci da ji?

Rukayya Ɗaliba:
Baba, bari in gwada, shi muke karantawa yanzu. Idan aka raba sakan ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne maikirosakan. In aka kira ku daga dama, muryar za ta riga isa kunnen dama kafin ta zagaya kai ta isa na hagu. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan, don haka a kan babban mutum tazarar ba ta wuce maikirosakan 600 zuwa 700, kuma sai in sautin daga gefe sosai ya fito. In daga gaba ne, tare suke isa. Mai lafiyar kunne yana iya rarrabe tazarar da ba ta fi 10 zuwa 20 ba. Alama ta biyu ita ce ƙarfi: kai yana tare sauti, musamman siririn sauti, sai ya fi ƙarfi a kunnen da ke kusa. Tun 1907 Lord Rayleigh ya bayyana cewa da waɗannan biyun muke sanin inda sauti ya fito. A gindin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya da aikinsu ke nan, kwatanta abin da ya shigo ta dama da abin da ya shigo ta hagu.

Baba Audu:
Ikon Allah. Na gode 'yata, Allah ya yi albarka. Wato duk wannan lissafin ana yin sa a kaina ba tare da na sani ba.

Dakta Halima:
Injiniya, na karanta aikin tun fitowarsa, kuma aiki ne mai kyau. Amma kar mu yi saurin wanke ƙwaƙwalwa tas. Kafin ɓerayen nan akwai kyanwoyi. A ɗakin binciken Eaton-Peabody da ke Boston, Bertrand Delgutte da Kenneth Hancock da Yoojin Chung sun yi aiki da fararen kyanwoyi waɗanda ake haifa kurame ta gado. Su ma da agogo ɗaya suka ba kunnuwan biyu bugu, ba da na'urar asibiti ba. A 2010 ɗakin binciken ya ba da rahoton cewa a tsakiyar ƙwaƙwalwar waɗannan kyanwoyin, ƙwayoyin da ke amsa tazarar lokaci rabin na kyanwoyin da suka girma da ji ne kawai. A Jamus ma Jochen Tillein da Andrej Kral sun duba saman ƙwaƙwalwa a irin waɗannan kyanwoyin suka ga raunin. Daga baya mutanen Boston suka koma kan zomaye da aka kurmantar tun suna jarirai, nan ma aka ga amsar ba ta kai ta zomon da ya girma yana ji ba. Idan laifin na na'ura ne kaɗai, me ya sa kyanwar da aka ba ta bugu daidai tun ranar farko ta kasa?

Injiniya Bashir:
Dakta, ai ba kasawa ta yi ba, ba a tambaye ta ba ne. Kyanwoyin nan a ƙarƙashin maganin sa barci aka auna su, an dasa wayar a ranar, an saurari ƙwayoyin jijiya na 'yan kwanaki, shi ke nan. Ba a ba su makonni suna amfani da saƙon ba. Ɓerayen kuwa aiki aka ba su. Akwati ne mai bakin ruwa uku. Ɓera ya lashi na tsakiya, sai bugu ya shiga kunnuwansa biyu, ɗaya ya ɗan riga ɗaya. In na hagu ne ya riga, ya je bakin hagu ya lasa, ɗigon ruwa ya fito masa. In ya yi kuskure, sai ya jira ba ruwa. Haka yake maimaitawa kullum har ya ƙware. Kuma ko a sakamakon Boston ɗin da kika kawo, rabin ƙwayoyin suna amsawa. Kyanwar da ba ta taɓa jin komai ba a duniya, amma rabin ƙwayoyinta sun san wannan lissafin. Ni wannan ɓangaren ne ya fi ɗaukar hankalina.

Dakta Halima:
Wannan gaskiya ne, aunawa cikin barci daban, aiki a farke daban. Amma zomayen a farke aka auna su. Sannan akwai wani abu game da ɓerayen: ana yi musu allurar daga kwana na 9 zuwa na 20 da haihuwa, kunnen ɓera kuma yana buɗewa wajen kwana na 12. Maganin ba dare ɗaya yake cinye ƙwayoyin ji ba. Akwai yiwuwar sun ɗan ji wani abu kafin ya ƙarasa aikinsa, ko da kaɗan ne. Farar kyanwa kuwa katantanwar kunnenta, wato sashen can ciki mai siffar katantanwa inda ƙwayoyin ji suke, tana lalacewa tun kafin ta fara ji. Ba kurumta iri ɗaya ba ce.

Malam Lawal:
Ku ba ni dama in sa baki, domin ni abin nan a kaina yake. Sanƙarau ya tafi da jina ina babba, kuma an dasa mini a kunnuwa biyu. Alhamdulillahi, ina hira da iyalina, ina amsa waya. Amma ga abin da ke faruwa. In wayata ta yi ƙara a ɗaki ban san inda na ajiye ta ba, sai in tsaya tsakiyar ɗaki in riƙa juya kai a hankali, ina jiran inda ƙarar za ta fi ƙarfi. In ta fi ƙarfi a dama sai in taka wajen, in sake tsayawa, in sake juyawa. Da can ba na yin haka, hannuna ne kawai ke zuwa wurin. In mutum ɗaya ya kira ni daga gefe, ina ganewa. Amma mutum huɗu su yi magana lokaci guda, sai muryoyin su dunƙule su zauna a tsakiyar kaina, ba na iya zaro ɗaya in bi. Ni kuma na shekara da shekaru ina ji kafin ciwon, ƙwaƙwalwata ta koyi lissafin da Rukayya ta faɗa. To me ya hana ta yin sa yanzu?

Injiniya Bashir:
Malam Lawal, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka ita ce hujjata. Na'urar da ke bayan kunnenka tana ɗaukar sauti da makirufo, ta raba shi gida 12 zuwa 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, ta aika kowane kaso ga nasa bakin wayar a cikin katantanwa. A mafi yawan tsare-tsare, tun daga wanda Blake Wilson da abokan aikinsa suka fito da shi a 1991, bugun yana fita ne a kan gudu tsayayye, kusan 900 ko 1,000 a sakan a kowane baki. Sautin ba ya canza lokacin fitar bugun, ƙarfinsa kawai yake ɗagawa ya sauke. Wannan tsarin ya yi wa fahimtar magana amfani ƙwarai, ba mai musu. Amma kunne ɗaya aka yi wa shi. Da aka zo dasa biyu, sai aka rataya na'ura biyu kowacce da agogonta. Yi lissafi: bugu 900 a sakan yana nufin tsakanin bugu da bugu akwai kusan maikirosakan 1,100. Tunda agogon biyu ba su san da juna ba, bugun dama na iya riga na hagu ko ya biyo bayansa da duk abin da ya kai 550, ba tare da wata alaƙa da inda mai magana yake tsaye ba. Wannan kuwa kusan duk faɗin tazarar da kan mutum ke iya samarwa ke nan. Shaidar da kullum ke canza magana, alƙali daina sauraronta yake yi. Ƙwaƙwalwarka ta watsar da lokaci ta kama ƙarfi, shi ya sa kake juya kai kana neman inda ya fi ƙara.

Rukayya Ɗaliba:
Ƙarfin ma ba ya isa yadda yake. Kowace na'ura tana rage ƙarar da ta yi yawa ita kaɗai, ba ta tuntuɓar 'yar'uwarta, sai bambancin ƙarfin da ke tsakanin kunnuwan ya ragu.

Dakta Halima:
Injiniya ya faɗi daidai game da Malam Lawal. Irinsa in aka kai su ɗakin gwaji, aka cire na'urorinsu aka haɗa su da ta bincike mai agogo ɗaya, da yawansu suna jin tazarar lokaci, sai dai yawanci sai ta kai 100 ko fiye, kuma sai an rage gudun bugun. In ya haura kusan 300 a sakan abin yana fara gagara. Waɗanda suka tashi kurame kuwa, Ruth Litovsky ta Jami'ar Wisconsin ta daɗe tana gwada su, manya da yara, kuma da yawa ba sa jin tazarar ko da an ba su mai girma. Ƙarfi suna jin bambancinsa, lokaci ne ba sa ji. Inda muka rabu da Injiniya shi ne fassarar wannan. Shi yana cewa shekarun da suka yi da na'ura marar daidaito ne suka koya musu watsi da lokaci. Ni ina cewa wannan yana ciki, amma rashin ji a farkon rayuwa ma ya bar tabonsa. David Ryugo ya nuna a fararen kyanwoyi cewa mahaɗar jijiyar ji ta farko a gindin ƙwaƙwalwa, wadda aka gina don ta isar da saƙo a kan lokaci, siffarta tana canzawa in ba a taɓa ji ba. A 2005 kuma ya nuna tana komawa kusa da daidai in aka dasa wa 'yar kyanwa na'ura da wuri ta yi watanni tana amfani da ita. Da wuri fa.

Hajiya Turai:
Ni duk ina karantawa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Kuna ta cewa "an kurmantar" kamar ba komai. Jaririn ɓera ne lafiyarsa ƙalau, aka bi shi da allura kwana goma sha biyu har ya daina ji. Aka fasa masa kai aka sa waya. Aka rage masa ruwa don ƙishirwa ta sa ya yi aiki. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha. Dabba amana ce. Tunda akwai mutane irin Malam Lawal da za su iya buɗe baki su faɗi abin da suke ji, me ya sa ba za a tambaye su ba a bar dabbobin Allah?

Malam Lawal:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, ni ma abin yana taɓa ni. Na san wayar da ke cikin kaina sai da aka gwada irinta a kan kyanwoyi kafin a yarda a sa wa mutum. Ba na mantawa da wannan.

Dakta Halima:
Hajiya, tambayarki a wurinta take, kuma bai kamata mai bincike ya ji haushinta ba. Ana tambayar mutane, sosai ma. Amma tambayar da muke gardama a kai ba ta amsuwa a jikin mutum. Don a san ko kurumtar yarinta ce ta kashe baiwar ko na'ura ce, sai a samu wanda ya tashi kurma kuma bai taɓa amfani da na'urar asibiti ba ko na kwana ɗaya, a ba shi bugu mai daidaito tun daga farko, a bi shi. Ba iyayen da za su yarda a hana ɗansu na'urar da za ta koya masa magana don a gwada wata. Ba kuma likitan da zai zura waya tsakiyar ƙwaƙwalwar yaro don ya saurari ƙwayar jijiya ɗaya. Abin da ya rage shi ne a tsaurara sharaɗi. Tun 1959 Russell da Burch suka kafa ƙa'idoji uku da ake bi: in akwai hanyar da ba dabba a bi ta, a rage yawan dabbobin iya ƙoƙari, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Tarayyar Turai ta sa su cikin dokarta ta 2010. Ana yin tiyatar da maganin barci da na kashe zafi, ana auna nauyin dabbar, kuma ƙalilan ake amfani da su.

Hajiya Turai:
Na ji, Dakta. Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba. Sharaɗina shi ne abin da aka gano ya isa ga mutane. In an wahalar da dabba aka buga takarda aka ajiye, kamfanoni suka ci gaba da sayar da na'ura mai agogo biyu, to an ɗauki alhaki a banza.

Injiniya Bashir:
Hajiya, a nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Kuma abin da ya biyo bayan 2021 ya ƙara matsa wa masu ƙera na'ura. Ƙungiyar Rosskothen-Kuhl da Schnupp ta sake gwada ɓerayen a kan gudun 900 a sakan, irin na asibiti, suka ga har yanzu suna jin tazarar. Sannan suka yi wani gwaji mai wayo: suka sa lokacin fitar bugun ya nuna hagu, tashi da saukar ƙarfin kuma ya nuna dama, don a ga wanne ɓera zai bi. Lokacin bugun ya bi, da rata mai yawa. Na'urorinmu kuwa a tashi da saukar ƙarfin suke ajiye ɗan abin da ya rage na tazarar lokaci, wato a wurin da kunne bai cika kula da shi ba.

Rukayya Ɗaliba:
Yaya Bashir, amma akwai abin da malaminmu ya ja hankalinmu a kai. Kan ɓera ƙarami ne, duk tazarar da zai iya samu a rayuwarsa ba ta fi maikirosakan 120 zuwa 130 ba, kuma siririn sauti ya fi ji, ba irin na muryar mutum ba. Har an daɗe ana ganin ɓera ba ya amfani da lokaci sam, sai a 2019 ɗakin binciken Schnupp ya nuna yana yi. Kuma baki ɗaya na waya ake kunnawa a kowane kunne a gwajin, bugu tsantsa, ba magana ba. A mutum bakuna da yawa ke aiki, lantarkinsu yana malala cikin ruwan katantanwa yana shiga na juna. Ga shi wayar dama da ta hagu ba lallai su shiga zurfi ɗaya ba, sai ƙwaƙwalwa ta rasa wanne za ta kwatanta da wanne.

Injiniya Bashir:
Ƙanwata, duk matsalolin da kika lissafa na ƙira ne da daidaitawa, irin waɗanda ake zama a warware. Tun 2008 Bernhard Laback da Piotr Majdak a Biyana, babban birnin Austriya, suka nuna cewa in aka ɗan hargitsa tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, iri ɗaya a kunnuwan biyu, masu dashe suna ƙara jin tazarar lokaci ko a gudu mai sauri. Mutanen Boston suka ɗauki abin suka duba a kyanwoyi, suka gano cewa bugu biyu da suka matso kusa da juna ne ke farkar da ƙwayoyin da suka yi shiru. Daga mutum zuwa dabba, daga dabba a dawo wa mutum da dalili.

Maman Hanif:
Don Allah Dakta, ni tambayata ta uwa ce. An dasa wa ɗana a kunne ɗaya, ya fara kiran sunayen 'yan gida. Likitoci suna maganar na biyu. Da na ga ana cewa na'urorin yanzu ba su da daidaito, sai na ce ko in jira a fito da masu agogo ɗaya?

Dakta Halima:
Maman Hanif, kar ki jira saboda wannan muhawarar. Shawarar ƙarshe ta likitocin da suka san kunnen yaron ce, amma binciken dabbobi a nan magana ɗaya yake yi. Andrej Kral a Hannover ya dasa wa fararen 'ya'yan kyanwa na'ura a kunne ɗaya, ya ga ƙwaƙwalwa ta karkata ga wannan kunnen, ta ba shi fili, ɗayan kuma amsarsa ta yi rauni. Ƙanƙantar kyanwar lokacin dashen, tsananin karkatar. Karen Gordon a asibitin yara na Toronto ta auna irin wannan a yara, a 2013 ta ba da rahoton cewa in tazarar dashen farko da na biyu ta wuce shekara ɗaya da rabi, karkatar tana kafuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Ingila tun 2009 shawarar hukuma ita ce a yi wa yara kunne biyu lokaci guda. Kuma ko ba tazarar lokaci, kunne biyu yana da amfaninsa: duk gefen da aka yi magana akwai kunne a wurin, ga bambancin ƙarfi, ga shi in ɗaya ta lalace yaro ba ya komawa shiru. Sannan na'urar waje ana sauya ta bayan 'yan shekaru, ta ciki tana nan.

Injiniya Bashir:
A kan wannan ba ni da ja ko kaɗan. Ɓerayen ma kunnuwansu biyu aka dasa rana ɗaya.

Malam Lawal:
To Dakta, mu da muka riga muka saba da juya kai fa? Akwai abin da dabbobin suka nuna game da horo?

Dakta Halima:
Akwai, Malam. A Oxford, ɗakin binciken Andrew King tare da Douglas Hartley sun yi aiki da feret, wata dabba mai kama da tunku. A 2014 suka buga cewa waɗanda aka kurmantar da wuri aka dasa musu biyu, da farko sun kasa gano inda sauti yake, kuma maimaita gwajin sauti kaɗai bai taimaka musu ba. Da aka riƙa cakuɗa musu gwajin, wani lokaci haske daga wani wuri, wani lokaci sauti, sai suka inganta har a sautin shi kaɗai, ƙwayoyin saman ƙwaƙwalwarsu ma suka ƙara kaifi wajen bambance ƙarfi tsakanin kunnuwa. Ido ya taimaka wa kunne sanin wuri. In ka koma wurin masu daidaita maka na'ura, ka nemi su duba ko ƙarfin kunnuwan biyu ya yi daidai, wato in aka kunna su tare sautin ya zauna a tsakiya, bai ja gefe ba. Ka kuma tambaye su ko suna da horon gano wurin sauti da lasifikoki jere a gabanka, inda ake nuna maka wadda ta yi ƙara bayan ka zaɓa.

Malam Lawal:
Nakan ji ta hagu ta fi ƙarfi, musamman da na sauya na'urar waje. Da wannan zan fara in na je. Na gode Dakta.